Ya kusa shekara 4 amma har yanzu a wando yake kashi

Wannan saƙon daga wata 'yar uwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, na ɗan rage mishi tsawo:

"Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Yarona shekararshi 3 da wata 8, fitsari da rana yana yi a fo ba matsala, amma kashi ko za a yanka shi ba zai yi a fo ba, sai ya laɓe bayan ƙofa yayi a wando ko ya dinga ihu sai na sa mishi famfas. Wani lokaci sai yayi kwana 3 ko 4 bai yi ba amma kullum wandon da ɗan datti, in na tambaye shi yace shi bai sani ba. Da har ya fara yi a fo, ina haihuwa wata 5 da suka wuce komai ya lalace. Na dake shi, na ɗora shi kan masai da ƙarfi, ba abun da ya canza. Uwar mijina tace ni na sangarta shi da famfas, su a zamaninsu kafin yaye yaro ya daina, wai in bar mata shi ta gyara shi. Da daddare ma yana jiƙa katifa. Ga shi Satumba zamu sa shi matanel (makarantar nazire ta ƙananan yara) kuma madam tace ba su karɓar yaro mai famfas. Wallahi na gaji."

Wa'alaikumussalam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana jaririn ya ba ki lafiyar shayarwa. Bara na fara da wurin da kika faɗa a wuce kamar ba komai ba, wato maganar kwana 3 ko 4 bai yi ba amma kullum wando da datti. Nan zancen yake. Ni a ganina yaron nan ba taurin kai ke damunshi ba, riƙe kashi yake yi, kuma da alama cikin nashi ya riga ya ƙulle.

Ga yadda abun ke farawa. Wata rana kashi ya zo mishi da tauri, yayi yunƙuri ya ji zafi, wani lokaci har bakin wurin ya ɗan tsage a ga ɗigon jini, toh yaro ba ya manta zafi, gobe in ya ji kashin ya taho sai ya matse ya hana shi fita. Ki lura da shi da kyau ranar da ya sake laɓewa bayan ƙofar nan. In kin ga yana tsaye ya sandare, ya haɗe ƙafafu, yana ɗage kan 'yan yatsu, ya riƙe bango yana zufa, ke kina zaton yunƙurin yi yake alhali yunƙurin hanawa yake. Kashi kuwa duk daɗewar da yayi a ciki hanji na tsotse ruwan jikinshi ne, ya ƙara bushewa ya ƙara girma, ranar da zai fito zafin ya fi na baya, tsoron ma ya ƙaru, haka za a yi ta yi.

In abun ya daɗe sai ƙarshen hanjin ya buɗe ya saki, ya daina sanar da yaron cewa kashi ya zo. Busasshen na nan ya tare hanya, sabon da ke bayanshi mai ɗan ruwa-ruwa sai ya dinga silalowa, kamar dai kwatar da shara ta toshe ruwa na tsiyaya ta gefe. Shine dattin da kike gani kullum. Kenan da yace miki bai sani ba, gaskiya ya faɗa miki, bai ji fitar shi ba. Wasu iyayen har zawo suke zato su je farmasi su sayo maganin tsayar da zawo su ƙara ƙulle cikin, dan Allah kar ki yi wannan.

Dan haka kafin maganar fo, asibiti za ki fara kai shi a taɓa cikin a gani, ni daga nan ba zan iya taɓa ciki ba. Ki je da bayani a bakinki: kwana nawa yake yi bai yi ba, yaya kashin yake in ya fito, ƙwaya-ƙwaya ne ko ƙato ne guda ɗaya, akwai jini ko babu, yana kukan ciwon ciki, cin abincinshi ya ragu? In yana shan wani siro kamar na ƙarin jini ki faɗa, dan maganin ƙarin jini na busar da kashi. Abun da likitoci suka fi rubuta wa yara shine maganin da ke jawo ruwa cikin kashin yayi laushi, ko siro na lactulose ko garin macrogol da ake damawa a ruwa, wanda a farmasinmu kika fi jin ana ce mishi Forlax. Da farko a fitar da wanda ya taru, sannan a ci gaba da ba shi kullum. Nan ne iyaye ke faɗuwa, yaro yayi kashi lafiya sati ɗaya sai a ce ya warke a ajiye magani, bayan kwana kaɗan a koma gidan jiya. Hanjin da ya buɗe yana ɗaukar watanni kafin ya koma daidai, sau da yawa wata 3 zuwa 6 ne, wani ma ya wuce haka, likita ne zai ce miki yaushe za a fara ragewa. Kuma kar ki yarda kowa ya tura mishi sabulu ta ƙasa ko ya ɗura mishi ruwan jiƙo ko ya ba shi maganin wankin ciki na manya. Yaron da tsoron wurin ne matsalarshi, ki danne shi ki taɓa wurin da ƙarfi, me kike tsammani?

Akwai abubuwan da in kin gansu ba a jira gobe. Ciki ya kumbura da amai, zazzaɓi da kuka in zai yi fitsari, shan ruwa ba ƙaƙƙautawa da yawan fitsari ga rama (ciwon suga na kama yara ma), ko fitsari na ɗiga kullum wando ba ya bushewa, ko ƙafafu suka yi rauni. In tun yana jariri yake fama da kashi, ko kashinshi na farko ya wuce kwana 2 bayan haihuwa bai fito ba, ki gaya wa likita wannan ma. Sai jini a ƙarshen fitsari, mu da muke bakin kogin Binuwai da tafkin Lagdo mun san tsargiya, in yana bin yayyenshi wanka a kogi ko kududdufi da damina ki sa ido, maganinta na nan a asibiti. In kuma yana sosa duwawu da daddare tsutsa ce mai yiwuwa, ki tuna ko ya samu maganin tsutsa lokacin da masu rabon bitamin A suka zagayo.

Abinci kuma kin fi ni sanin me yaronki ke ci, amma bari in yi hasashe: burodi da shayi da safe, biskit, makala, taliya, madara kofi-kofi, miya kuwa sai dai ya lashi sama ya bar ganyen. In haka ne ki juya. Miyar kuɓewa, kuka, yakuwa, tasba, zogale, wake, kunun gero wanda ba a tace shi tas ba, gwanda, lemu, kankana, mangwaro in lokacinshi ne. Madara ba a ce a hana ba amma in ita ke cika mishi ciki ki rage. Ruwa kuwa kar ki jira sai ya tambaya, yaro in wasa yayi daɗi mantawa yake. Garin da a Maris da Afrilu zafi ke wuce 40, yaro na zufa tun safe har dare, in bai sha ruwa ba daga ina kashin zai samu laushi? Ki ware mishi kofinshi ki dinga miƙa mishi. Sai dai abinci kaɗai ba ya buɗe cikin da ya riga ya ƙulle, shi yasa na fara da asibiti.

Yanzu maganar duka. Ki ajiye shi gaba ɗaya, da tsawa, da "ƙazami", da kiran yaran gida su zo su gani. Ba wai dan ina cikin masu cewa kar a tsawata wa yaro ba ne, a'a, wannan dai ba wurin tsawatawa bane. Kashi ba ya fita sai jiki ya saki, yaron da ke jiran mari kuwa jikinshi a ɗaure yake. Mun sha ji a wa'azi labarin balaraben ƙauyen nan da yayi fitsari a masallacin Manzon Allah (SAW), sahabbai suka taso mishi, Annabi yace a ƙyale shi ya gama, aka kawo bokitin ruwa aka zuba a wurin, sannan ya kira shi ya yi mishi bayani cikin sauƙi. Babban mutum kenan kuma a masallaci, balle ɗan shekara 3 a bayan ƙofar ɗakin uwarshi. In ya ɓata wando ki ce "toh zo mu wanke, gobe a fo za mu yi", ki wanke shi ki wuce wurin, ko ranki na tafasa kar fuskarki ta nuna. Na san da jariri a baya da tulin wanki a gaba faɗar ta fi yin sauƙi, amma hanyar kenan.

Masai kuma ki ƙyale shi tukuna. Ke kin saba shi yasa, amma ki tsuguna daidai tsayinshi ki leƙa ramin nan, duhu, wari, kyankyasai na fitowa, ƙudaje, ga bakin ramin an yi shi ne dan ƙafar babba. Tsoron yaron na kan hanya, yara na faɗawa masai da gaske. Ki sa murfi a bakin ramin, fo ɗin kuma ki ajiye shi wuri ɗaya mai haske inda ba idon mutane, tunda kin ga shi mai son laɓewa ne. Fo ɗin ya zama wanda in ya zauna tafin ƙafarshi na taka ƙasa sosai, gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsawo, haka kashi ya fi saurin fita. In gidanku masai na zama ne irin na turawa, sai kin sa mishi ɗan benci ya taka, ƙafa na lilo ba a yunƙuri.

Lokacin zama shine bayan cin abinci da kamar minti 15 zuwa 30, dan da abinci ya shiga ciki hanji ke motsawa da kanshi, musamman bayan karin safe. Sau 2 ko 3 a rana, minti 5 ya isa, in bai yi ba ya tashi ba faɗa. Kar ki bar shi awa guda kan fo har duwawu yayi shati, wannan horo ne. Ki zauna kusa da shi kuna hira, ki ba shi balan-balan ya hura, hurawar na sa ciki ya tura ƙasa ba tare da ya sani ba. A farko zaman kawai za ki yaba, ko bai yi komai ba, "kai sannu babban yaya, ka zauna da kyau". Ranar da yayi ko ɗan mitsitsi ne ki yi murna, ki ba shi dabino, ki ce bari Baba ya dawo mu faɗa mishi. Kar dai ki yi alkawarin keke, ƙaramin abu na nan take ya fi aiki wa mai shekarunshi.

Famfas ɗin da yake roƙo, nan zan saɓa da mutane da yawa. Ki ba shi. Yaron da yazo yace a sa mishi famfas zai yi kashi, ai ya riga ya san kashi ya zo kuma ya iya riƙewa har a sa mishi, rabin aikin ya gama. In kika hana shi riƙewa zai yi, riƙewar kuwa ita muke yaƙi da ita. Sai dai da sharaɗi: da rana wando ne a jikinshi, famfas sai lokacin kashi kawai, kuma a wurin da fo yake za a yi. Bayan kwanaki in ya saba sai ya zauna kan fo ɗin da famfas a jikinshi yayi. In ya saba da wannan sai ki fara sassauta maɗaurin, ko ki yanka rami a ƙasan famfas ɗin da almakashi yadda kashin zai faɗa cikin fo, wata rana sai ki shimfiɗa shi kawai a cikin fo ɗin, daga nan a daina. Kowane mataki ki bar shi ya zauna daram kafin ki wuce, in ya tubure ki koma na baya. Wandon gida kuma mai roba wanda zai iya ja da kanshi, ba jins mai maɓalli da bel ba.

Haihuwar da kika yi ma tana cikin dalilan. Yara da yawa na komawa baya in an yi musu ƙani, ya ga wani ya zo yana ɓata famfas ana wanke shi ana mishi wasa, shi kuma yayi abu iri ɗaya ya sha duka. Ki nema mishi ɗan lokaci nashi shi kaɗai kullum ko minti 10 ne in jaririn yayi barci, ki ɗora shi a cinya kamar da. Ki sa shi aiki, ya miƙo miki zani, ya riƙe buta. Babanshi ma ya shigo ciki, namiji ne, ya ga yadda baba ke ɗaukar buta ya tsuguna yayi tsarki, wannan ya fi maganarki ɗari.

Toh sai Hajiya, uwar mijinki. Gaskiya tana da rabin gaskiya. Iyayenmu tun yaro na wata kaɗan suke ɗora shi kan ƙafafunsu da ya tashi barci ko ya gama shan nono, kuma yaron na goye a baya yini guda, da ya motsa sun san me yake nufi, ga ba famfas, in ya jiƙe shi da uwar duk sun ji. Famfas na shanye fitsari yaro bai ji komai ba, wannan kam haka ne. Amma a lokacin uwar ce ta iya lokacin yaron, shi kanshi yaron sai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa 3 yake fara iya riƙewa da sanin kanshi, kuma ko me aka yi a da, yanzu matsalar gabanmu ciki ne da ya ƙulle, bulala ba ta buɗe shi. Kar ki tsaya musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki sa ɗanta ya kai ku asibiti ya ji da kunnenshi, shi ya dawo ya ce mata "Hajiya likita yace ciwo ne, an ba da magani, an ce kar a dake shi". Daga bakinshi maganar za ta fi shiga. Sannan ki ba ta nata aikin, ki ce Hajiya ke yake jin maganarki, dan Allah in ya karya ki zauna da shi kan fo ki mishi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Kaka in aka ba ta girmanta ta fi uwa haƙurin zama. Amma "bar min shi in gyara shi" ɗin nan, in kin san da bulala ko tsoratarwa ne, ki san dabarar da za ki yi ki zame.

Fitsarin dare kuwa ki cire shi daga lissafi yanzu. Likitoci ba su ɗaukar shi matsala kafin shekara 5, a 'yan shekara 5 ɗin ma kusan 15 cikin 100 na yi, kuma yawanci da kanshi yake tafiya. Ba koya ake yi ba, jiki ne ke nuna, akwai sinadarin da ke rage fitsari in ana barci, sai ya kai lokacinshi. Yana bin jini kuma, wata rana in kuna raha da Hajiya ki tambaye ta cikin dabara babanshi a shekara nawa ya daina, ƙila ki sha dariya. Busasshen kashin ma na danne mafitsara, sau da yawa in ciki ya buɗe fitsarin dare na raguwa. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, yayi fitsari kafin ya kwanta, ki rage ruwa awa ɗaya kafin barci kawai ba tun la'asar ba, shayi da lemun kwalba da daddare a bari. Famfas da daddare ba laifi in akwai hali. Maganar ɗaura kwaɗo a ƙugu da tara yara su mishi amalala, kar ki bari a yi a gidanki.

Abu ɗaya kan tsafta tunda ga jariri a gida. Kashin yaro ba a raina shi, cuta na ciki kamar na babba. Da ya gama ki juye a masai, ba a kwata ko bayan katanga ba, ki wanke fo da omo da ɗan jabel (ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta), ke da shi ku wanke hannu da sabulu, ruwan buta kaɗai bai isa ba. Waɗanda suka ga kwalarar 2010 da ta kashe ɗaruruwa a arewacin ƙasar nan ba sai an musu dogon bayani ba, ga damina kuma.

Lakwal kuma, wato makaranta, ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara tun satin nan. Amma kar ki ɗora wa yaron Satumba a kai, "in baka daina ba madam za ta kore ka" sai dai ya tsani lakwal ɗin tun bai shiga ba. Tunda fitsarin rana ya iya, in magani ya kama kuma ya saba yin kashi bayan karin safe, zai yi a gida kafin ya fita, matanel ba yini ake yi ba. Ki koma wurin madam ke kaɗai ki mata bayani cewa yana kan magani, ki roƙe ta in ya nemi fita ta bar shi nan take, ki leƙa bayan gidan lakwal ɗin da idonki ki ga ko irin wanda zai iya shiga ne, in rami ne mai faɗin baki ki tambaya ko suna da fo na ƙanana. Ki koya mishi yadda zai nemi fita da Faransanci, dan yaron da Hausa da Fulatanci ya sani a gida zai iya tsayawa yana kallon madam har ya jiƙe. A jakarshi kullum wando 2 da leda. In kuma Satumba ta zo cikin bai gama daidaita ba kuma suka ƙi karɓarshi, bai kai 4 ba ma sai lokacin, ki nemi wata matanel ɗin ko ku ɗan jinkirta, ba abun da zai wuce shi a ajin waƙa da zane.

In kun dawo daga asibiti ki rubuto min abun da likita yace da irin maganin da aka ba shi, da kuma yadda kika ga yana yi a bayan ƙofar, tsaye yake ya matse ko tsugune, sai mu san ta inda za a ci gaba. Ki gaida Hajiya.